Matashi Mai Allurai da Aka Tsinta Cikin Kayan Beljiyam

  Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo. Waɗanda suka aiko da tambayoyi kan takin zamani da ajiyar wake su yi mana haƙuri sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Wasiƙar ta fito ne daga wani Alhaji ɗan kasuwa a Malumfashi, jihar Katsina, wanda ya roƙe mu mu sakaya sunansa. Sana'arsa ita ce saro tsofaffin kekunan ɗinki da dutsen guga da sauran kayan gida na Turai, irin waɗanda muke kira kayan Beljiyam, yana kai su kasuwannin ƙauye. Ya ce a cikin kayan da ya saro kwanan baya daga Legas akwai wani akwatin katako. Da ya buɗe sai ya tarar da wani abu kamar matashin kai, zagayayye, mai tauri, an lulluɓe shi da shuɗin ƙyalle. Da ya ɗaga ƙyallen sai ga allurai sun fi ɗari an caccaka su a jikin wata takarda mai kauri, ga kuma waɗansu 'yan sanduna na katako, kowace ta ɗan fi yatsa tsawo, da farin zare a wuyanta, duk sun sarƙe da juna. Ya ƙirga su ya sami 64. A bayan alluran kuma akwai wani farin abu kamar saƙar gizo-gizo, an naɗe shi, tsawonsa ya kai kamu biyu. Maƙwabcinsa na rumfa ya rantse masa asiri ne, wani aka ɗaure a can Turai. Hajiya ta ce ba za ta kwana gida ɗaya da shi ba. Yaron shagonsa ya ƙi taɓa akwatin, har waɗansu masu ciniki sun fara kauce wa rumfarsa. Shi ne yake tambaya: shin mene ne wannan abu? Ya ƙone shi ne, ko ya binne, ko kuwa yana da wani amfani?

To Alhaji, mun gode da wasiƙarka. Ka kwantar da hankalinka, ka kuma kwantar da na Hajiya, ba a ɗaure kowa ba. Abin da ke hannunka kayan sana'a ne, kamar yadda masaƙi yake da allera da ƙoshiya. Saƙar leshi ce ta hannu, wadda mai ita ta fara, ta rufe da niyyar komawa gobe ko jibi, goben ba ta zo ba. Irin wannan matashi da aiki ya kwana a kansa shekara da shekaru suna nan birjik a gidajen Turai, a saman kwaba ko ƙarƙashin gado. In mai shi ta rasu, magada ba su san yadda za su yi da shi ba, sai a haɗa shi da tsofaffin kaya a sayar. Ta haka naka ya ƙetare teku.

Bari mu fara da yadda ake aikin, don ka iya yi wa mutanen kasuwa bayani. Ka san yadda mai kitso take yi, ko mai tufkar igiya? To wannan ma kitso ne, amma na zare, kuma maimakon tufka uku sai a yi da zare talatin, ko sittin, ko ɗari biyar. Tun da yatsu goma ba za su riƙe zare ɗari ba, sai aka naɗa kowane zare a jikin 'yar sanda, kamar kwarkwaron masaƙi. Sandar ita ce ma'ajiyar zaren, ita ce mariƙi, nauyinta kuma shi ke miƙar da zaren. Takardar nan mai kauri ita ce zanen aikin, an huhhuda ta tun kafin a fara, kowace huda wurin fil ɗaya ne. Abin da ka kira allurai, in ka duba ba su da kafa, kai gare su, watau fil ne. Matashin kuwa an cusa masa busasshen karan alkama ko sha'ir an daddanne shi ya yi tauri, don fil ya tsaya daram.

Ka ce ka ƙirga sanduna 64. Ai dole ka sami adadin da zai rabu biyu, domin bibbiyu ake rataya su, zare ɗaya ne aka naɗa bakinsa guda a wannan, ɗaya bakin a waccan. Tagwaye 32 ke nan. Kuma komai yawansu, huɗu kaɗai mai saƙa take motsawa a lokaci guda, biyu a dama biyu a hagu. Motsin ma iri biyu ne kacal. Ko dai ta ɗora ta tsakiya ta hagu a kan ta tsakiya ta dama, wannan shi ne gicciyawa, ko kuma ta ɗora ta daman kowace tagwaye a kan ta hagunta, wannan shi ne murɗawa. Ta gicciya, ta murɗa, ta kafa fil, ta ajiye biyu ta ɗauki biyu na gaba. Duk furanni da ganyaye da raga da ka gani a jikin farin abin nan, daga waɗannan motsi biyu suka fito. Ka riƙe abu ɗaya, za mu komo kansa: babu ƙulli a cikin wannan saƙa. Fil ne ke riƙe da bakin aikin.

Sana'ar ta bayyana ne a Turai wajen shekara 500 da suka wuce, a ƙasar Italiya da kuma yankin Flanders, wanda yawancinsa yau yake cikin Beljiyam. An buga littafin zane-zanenta a birnin Benis a 1557, aka buga wani a Zurich ta ƙasar Suwizalan a 1561. Daga nan ta bazu. Abin lura shi ne inda ta fi kama ƙasa: garuruwan masu haƙar ma'adinai, da na masunta, da ƙauyukan 'yan ƙodagon gona, watau inda abin da maigida ke samu ba ya riƙe gida. A garin Annaberg na Jamus, inda ake haƙar azurfa, wata attajira mai suna Barbara Uthmann, wadda ta rasu a 1575, ta riƙa ba mata ɗaruruwa aiki a gidajensu tana saye. A takaice, abin da kaɗi yake ga iyayenmu mata a da, a zauna a tsakar gida da mazari da alli a sami na gishiri da na kayan ɗakin 'ya, shi leshi yake ga matan talakawan Turai. Masu sawa kuwa sarakuna ne da attajirai, maza da mata, a wuya da bakin hannun riga.

Yanzu ga batun lokaci, wanda shi ne gindin maganarmu. Wata marubuciya 'yar Ingila, Fanny Bury Palliser, ta fitar da littafin tarihin leshi a 1865. Ta ce a garin Valenciennes na Faransa, leshin bakin hannun rigar namiji guda biyu kan ci wata goma, mace tana aiki awa 15 kowace rana. A ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke zama, saboda zaren kittani ne siriri ƙwarai, ba ya son busasshiyar iska, sai wuri mai laima. Shi kittani daga bawon wani tsiro ake samunsa, ana jiƙa shi a ɓare kamar yadda muke yi wa rama. Da yawa daga matan nan kafin su kai shekara 30 idonsu ya tafi. Ta kuma kawo labarin wani leshi mai faɗi na garin Ypres a Beljiyam, wanda mai saƙarsa take awa 12 a rana, amma a mako abin da take ci gaba bai wuce sulusin inci ba, kamar faɗin ƙwayar masara. Yi lissafi, Alhaji: shekara guda cur ba ta cika kamu ɗaya ba. Manomi ya share gona, ya yi shuka, ya yi noman fari da maimai, ya girbe, ya kai rumbu, ya ci rani ya dawo, ita tana nan kan abin da bai kai daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba. Naka ba mai wuya ba ne kamar wannan, tagwaye 32 matsakaicin aiki ne, amma kamu biyun nan da ka gani sun ci zama mai yawa.

Sai mutum ya ce, to ai a wancan zamani ne ya kamata a sami ayyukan da aka bari ba a gama ba. Ina! A wancan zamani aiki ba ya kwana. Matashi ɗaya mace take da shi, sandunanta kuma ƙidayayyu ne, in ta bar aiki a kai to ta rufe bakin tukunyarta. Dillali ne ke ba ta zane, sau da yawa shi ke sayar mata da zaren, kuma akwai ranar da yake zuwa a auna a yanke a biya. A ƙauyukan Ingila waɗansu dillalan ma ba sa biya da kuɗi, sai su ce ta ɗauki kaya a kantinsu a farashin da suka ga dama. 'Yan kasuwarmu sun san irin wannan ciniki, ba sai mun faɗa ba. Yara tun suna shekara biyar ko shida ake kai su wurin koyo, a ƙayyade musu yawan fil da za su kafa kafin su tashi. Da sanyi ba a hura wuta a ɗakin don kada hayaƙi ya ɓata farin zare, sai kowace ta sa kaskon garwashi a ƙarƙashin zanenta. Da dare kyandir ɗaya ake kunnawa, a kewaye shi da kwalabe cike da ruwa, kowace kwalba ta tattara haske ta jefa kan matashin mutum ɗaya.

In kuma babban aiki ne, ba a ɗora wa mutum ɗaya. Lokacin da Sarauniya Biktoriya ta Ingila za ta yi aure a watan Fabrairu na 1840, leshin rigarta an ba da shi ne ga masu saƙar yankin Honiton, a wani ƙauyen masunta da ake kira Beer. Mata wajen 200 suka yi ta aiki daga watan Maris zuwa Nuwamba na 1839, kowace tana saƙa nata fure ko ganye, daga baya aka harhaɗa. Gayya ke nan. Da mace ɗaya aka bar wa, da jikokin amarya sun yi aure ba a gama ba.

Abin da ya canza al'amarin shi ne inji. A 1809 wani Bature mai suna John Heathcoat ya yi rajistar injin da ke saƙa raga irin ta leshi. A 1813 John Levers na birnin Nottingham ya ƙera wanda ya fi shi, wanda daga baya aka gyara shi har yana fitar da furanni. Mutane ba su karɓi abin da daɗi ba, a 1816 waɗansu ma'aikata suka fasa masana'antar Heathcoat da dare suka farfasa injuna fiye da 50, shi kuwa ya kwashe ya koma garin Tiverton ya ci gaba. Sannu a hankali abin da mace ke yi a wata inji ya riƙa yi kafin a sha ruwa. Farashi ya faɗi, 'yan mata suka tafi masana'antu da aikatau, dokar ilimi ta 1870 da waɗanda suka biyo ta suka kwashe yaran Ingila zuwa makarantar boko. Kafin a gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, sana'ar ta zama ta tsofaffi a yawancin wurare. Mu ma mun ga irinsa: yaushe rabonka da ka ga yarinya tana koyon kaɗi, tun da zaren kanti ya shigo?

A nan bari mu ɗan ratse, don mun san masu sayar da yadi suna saurare. Leshin da ake sayarwa a Kantin Kwari, wanda ake sa wa a lefe, sunan kawai ya ara. Shi yadi ne da inji ya yi wa ado ya huhhuda. Asalin injin wani mutumin Suwizalan ne, Isaak Gröbli, ya ƙera shi a 1863. Garin St. Gallen a Suwizalan da garin Lustenau a Ostiriya su suka shahara da shi, kuma tun shekarun 1960 mutanen Lustenau suke yi wa kasuwar Nijeriya leshi na musamman. Yau kuma mai yawa daga Sin yake zuwa. Na cikin akwatinka kuwa babu yadi a ƙarƙashinsa ko kaɗan, zare ne zalla aka kitsa a kan iska. Shi ne kakan, na kanti jika ne.

To da kasuwa ta mutu, sana'ar ba ta mutu duka ba, sai ta koma abin sha'awa. A Ingila an kafa ƙungiyar masu leshi a 1976. A garin Idrija na ƙasar Sulobeniya akwai makarantar leshi da aka buɗe tun 1876, har yau ana koyarwa, kuma a 2018 hukumar UNESCO ta sa saƙar leshin ƙasar cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. A birnin Bruges na Beljiyam akwai cibiyar da ake koyar da ita, baƙi suna zuwa kallo. Amma masu yin ta yanzu yawanci ma'aikata ne da waɗanda suka yi ritaya, suna yi da yamma ko ranar hutu. Babu dillali a bakin ƙofa, babu yaro mai kukan yunwa. Daga nan ne aka fara samun aikin da ke shekara goma ko ashirin a kan matashi.

A ce aiki yana bukatar awa 500, wanda ba wani abin mamaki ba ne ga babban mayafi ko shimfiɗar tebur. Mai yi don abinci, awa goma a rana, kwana 50 ta gama. Mai yi don sha'awa, awa biyu a mako, sai ta yi mako 250, kusan shekara biyar, in ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba. Wa ke shekara biyar ba fashi? A ciki za a yi haihuwa, a yi jinya, a tashi daga gida, a yi rashi. Ido ya raunana, yatsu su fara ciwo. Kuma wannan saƙa ba kamar hula ba ce da za ka sa a aljihu ka ɗinka a tasha ko a gindin bishiya. Sai an share wuri, an wanke hannu, an sami haske, an jera sanduna. In aka yi wata uku ba a buɗe ba, sai mai ita ta manta inda zare kaza ya nufa, ta buɗe ta duba, ta ji kanta ya ɗaure, ta mayar da ƙyalle ta ce sai ranar da ta sami natsuwa.

Akwai kuma wurare biyu da aka fi yin birki. Na farko kuskure. Mace ta yi nisa sai ta hango can baya ta gicciya inda ya kamata ta murɗa. Ba wanda zai gani sai ita, amma ta gani. Warwarewa kwana uku ne, wucewa kuma zuciya ta ƙi. Sai a rufe. Na biyu shi ne ƙarshe. In leshin na kewaye hankici ne ko gefen mayafi, dole a dawo a haɗa ƙarshe da farko, a zaro kowane zare da siririn kwarashi ta cikin hudar da aka fara, a ɗaure, a ɓoye bakin. Wannan shi masu koyo suka fi tsoro, don a nan ake ɓata aikin shekara cikin awa ɗaya. Saboda haka sau da yawa za ka tarar da aiki an ci kashi tara cikin goma, saura haɗawa kawai, ya yi shekaru yana jira. Tun da kuma aikin ya riƙe matashi da sanduna, in sha'awar sabon zane ta taso sai a sayi wani matashin. A haka mutum ɗaya kan tara uku ko huɗu, kowanne da nasa rabin aikin.

A ganinmu babu abin zargi a nan. Zarenta ne, lokacinta ne, ba ta karɓi kuɗin kowa ba. Inda maganar take canzawa shi ne in da haƙƙin wani a ciki. Muna yawan samun wasiƙu daga manoma da suka sayar da hatsi bayan kaka, suka kai shadda wurin mai aikin hannu a yi musu aska takwas ko aska biyu, suka ba da kafin alƙalami, Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, riga tana rataye an yi rabin aljihu. Shi ma aikin babbar riga wata da watanni yake ci, wannan gaskiya ne, kuma mai kai aiki ya kamata ya sani. Amma maɗinkin da ya karɓi riguna goma alhali hannunsa na uku ne, ya san abin da ya yi. Gara tun farko ya yi irin ta mutanen Honiton, ya rarraba wa abokan sana'a, ko ya ce Malam ba zan iya kafin Sallah ba.

Mu koma kan akwatinka. Ka tuna mun ce babu ƙulli a cikin saƙar? Wannan shi ya sa aikin da ya kwana shekara talatin ana iya tashinsa, ko da ba wadda ta fara ba ce. Muddin takardar zane tana nan, fil suna wurinsu, sanduna suna rataye da zarensu, to duk wanda ya iya sana'ar zai karanta aikin kamar yadda maharbi ke karanta sawu. Zai warware layi biyu ko uku da baya, ya ga yadda hannun mai shi yake tafiya, sa'an nan ya ɗora. A Turai akwai masu karɓar irin wannan matashi na uwa ko na kaka su ƙarasa. Wani lokaci ana ganin gaɓar, don tsohon zare ya yi ja-ja sabon kuma fari, ko hannun wannan ya fi na waccan tsauri. Wahalar da aka fi sha ita ce samun zare iri ɗaya in na kan sanduna ya ƙare, domin zaren kittani mafi siranta irin na da an daina yinsa.

Don haka abu na farko, kada ka zare fil ko ɗaya, musamman na gaba-gaba kusa da sanduna. In ka zare su bakin aikin zai saki. Abu na biyu, kada ka ja sandunan da suka sarƙe. Muna cikin ƙasar hunturu, kuma zaren da aka saba da shi a wuri mai laima in ya sha busasshiyar iskarmu sai ya riƙa tsinkewa kamar tsohuwar igiyar guga. In za a taɓa shi a bari sai damina, ko kuma a jiƙa farin ƙyalle mai tsabta, a matse shi sosai, a shimfiɗa a kan wani busasshen ƙyalle bisa zaren ya kwana, da safe a ɗauke. Kada ruwa ya taɓa fil ko takarda. Sa'an nan a bi sandunan ɗaya bayan ɗaya daga gefe, ana ɗagawa ana fitarwa, ana jera su kamar haƙoran mataji. Wannan aikin mai haƙuri ne, ba na yaron shago ba. In zare ya tsinke ba a yi asara ba, ana rataya sabo a jikin fil na baya a tafi da shi tare da 'yan'uwansa, daga baya a datse bakin.

Ka duba fil ɗin kuma. Na tagulla ake so don ba ya tsatsa, amma in ya daɗe yakan yi kore, ya bar tabo. In na baƙin ƙarfe ne ka ga jan tabo a jikin zaren, to tsatsa ta ci wurin, yana iya ɓarkewa. Irin waɗannan a canza su ɗaya-ɗaya, a zare tsoho a mayar da sabo a hudar nan take kafin a taɓa na kusa. Abin sha'awa, mutanen Fotugal sun kai wannan sana'a garuruwan bakin teku na Burazil da Siri Lanka, kuma a arewa maso gabashin Burazil, ƙasa mai zafi da fari kamar tamu, matan ƙauye da ƙayar wani tsiro mai kama da ƙyarana suke amfani maimakon fil. Ƙaya ba ta tsatsa, ba a kuma sayenta. Mai aduwa a bayan gida ba zai rasa abin kafawa ba. Sauran abokan gaba ka san su: gara, da ɓera mai son karan da ke cikin matashin, da ƙura. A ɗora akwatin a kan wani abu, kada a ajiye shi a ƙasa ko a ɗakin girki.

Batun kuɗi kuwa, ba za mu ruɗe ka ba. Leshin da ba a gama ba, na matsakaicin aiki, ba ya da wata kasuwa ko a can Turai, balle a Malumfashi. Abin da masu tara kayan tarihi suke nema shi ne tsofaffin sandunan Ingila na ƙashi, masu duwatsun ado a gindi, waɗanda aka rubuta suna ko saƙon saurayi ga budurwa a jikinsu. Naka ka ce katako ne, gindinsu kamar ƙwallon goriba ƙarami, babu duwatsu. Wannan ƙirar Beljiyam da maƙwabtanta ce, ta aiki ce ta yau da kullum. Kada wani ya zo ya ce maka dukiya ce ya karɓi la'ada.

Amfaninsa a gida yake. In akwai yarinya ko matar aure a gidanka mai saƙar kwarashi, wadda hannunta ya faɗa da zare, ga makaranta ta zo mata har ɗaki. A YouTube akwai masu nuna yadda ake yi dalla-dalla, ko ba ta jin harshen ido zai gane. Amma kada ta fara da wannan mai tagwaye 32. Ta sami wani ƙaramin matashi ta cusa masa ƙaiƙayi ya yi tauri, a feƙe mata itace goma sha biyu, ta sa zare mai kauri, ta koyi gicciyawa da murɗawa a kan 'yar siririyar igiya tukuna. Bayan wata biyu ko uku sai ta buɗe na akwatin ta gwada karanta shi.

In kuwa babu mai sha'awa, masu sana'ar suna da hanyar sallamar aikin da ba za a ƙarasa ba, ba tare da an yi asararsa ba. Ana bin tagwayen ne ɗaya bayan ɗaya a daidai inda aikin ya tsaya, a ɗaure zare biyun ƙulli biyu, a yanke da almakashi a bar ɗan baki. In an gama da duka 32, sai a zare fil a hankali daga baya zuwa gaba, a ɗaga leshin daga kan takarda. Kamu biyu ya isa a kewaye wuyan rigar jariri da hannuwanta, ko a sa a bakin kallabi. Da hannu za a ɗinka shi, da siririyar allura, kada a kai shi keke. In za a wanke, a sa shi cikin kwalba da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu mara ƙarfi a girgiza, ba a cuɗawa, ba a matsewa, ba a sa bilic, a shanya shi a kwance a inuwa. Takardar zanen kuma a adana ta, da ita za a iya sake wani.

Alhaji, muna fatan ka ji, a gai da Hajiya da mutanen rumfa. Masu tambaya kan ƙwarin wake da buhunan ajiya, ku tara mako mai zuwa war haka.